Ƙauyuka Goma Sha Huɗu da Gwamnatin da Suka Haifa

A shekarun 1930 gwamnatoci biyu na ƙasar Kanada sun gurfana gaban kotu a kan mutanen Inuit na arewacin lardin Kebek, kowace tana neman alƙalai su ce nauyin mutanen nan yana wuyan ɗayar. Farashin fatar farar yanyawa, wadda da ita mafarauta ke sayen gari da shayi da harsashi, ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Garkunan barewar karibu sun yi ƙaranci. Yunwa ta shiga zango-zango. 'Yan kasuwar fatu ne ke raba ɗan tallafin abinci da sunan hukuma, gwamnatin tarayya ta Otawa kuma tana aika wa Kebek takardar biya. Kebek ta biya na ɗan lokaci, sannan ta ce ta gaji. A 1939 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa, bisa tsarin mulki, Inuit suna cikin 'yan asalin ƙasa da kula da su ke hannun tarayya. Kebek ta fita kotu da murna, don an sauke mata kaya.

Ƙasar da ake magana a kanta, wadda yau ake kira Nunavik, ta kama daga layi na 55 na taswirar duniya ta yi arewa, kuma faɗinta ya kusa rabin Najeriya. Mutanenta ba su wuce dubu goma sha huɗu da 'yan kai ba, kashi tara cikin goma Inuit ne, kuma kusan kowannensu yana jin harshen Inuktitut tun daga nono. Suna zaune a ƙauyuka goma sha huɗu a bakin teku. Babu hanyar mota da ta haɗa wani ƙauye da wani, balle wadda ta tafi kudu. Sai jirgin sama duk shekara, da jirgin ruwa a 'yan watannin da ƙanƙara ke narkewa. Kuujjuaq, mafi girma, bai kai mutum dubu uku ba. Aupaluk, mafi ƙanƙanta, ɗari biyu da wani abu ne.

Sarkin Ingila ne ya ba Kamfanin Hudson's Bay wannan ƙasa a takarda a 1670, kamfanin ya miƙa ta ga Kanada a 1870, Kanada kuma ta ƙara wa Kebek ita a 1912. Ba a taɓa tambayar masu ƙasar ba ko sau ɗaya. Sai dai dokar 1912 ta zo da sharaɗi: wajibi ne Kebek ta amince da haƙƙin 'yan asalin wurin, ta kuma daidaita da su kamar yadda aka yi a wasu sassan Kanada. Kebek ta karɓi ƙasar, ta ajiye sharaɗin a aljihu har shekara sittin.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Otawa ta shigo da ƙarfinta, kuma mulkin da ta kawo na umarni ne. An ba kowane mutum ɗan faifai mai lamba ya rataya a wuya, don ma'aikata sun ce sunayen Inuit na ba su wahala. A 1953 aka kwashi iyalai daga Inukjuak aka kai su Grise Fiord da Resolute, can ƙurewar arewa inda rana ke ɓacewa wata da watanni, abin da sai a 2010 gwamnati ta nemi gafara a kansa. Makarantu da ɗakunan shan magani suka jawo mutane daga zangon farauta zuwa matsugunai na dindindin. A nan ne 'yan sanda da ma'aikata suka riƙa harbe karnukan da ke jan keken ƙanƙara, wai don suna yawo sakaka, alhali mafarauci da ba shi da karnuka ya zama zaunanne mai jiran tallafi. An kafa majalisun ƙauye a wannan zamani, amma na ba da shawara ne kawai. Makullin ofis da na sito suna hannun jami'in da aka turo daga kudu.

Makarantar farko ta mulkin kai da Inuit suka shiga ita ce shagon gama-kai. A 1959 aka kafa ƙungiyar gama-kai ta farko a George River, wato Kangiqsualujjuaq na yau, don kamun kifi da yankan katako. Masu sassaƙar dutse na Puvirnituq suka kafa tasu. Zuwa 1967 ƙungiyoyin sun haɗu sun yi tarayya guda. A waɗannan shaguna ne mafarauta suka koyi zaɓen shugabanni, da duba littafin kuɗi, da jayayya a kan riba. A tarurrukansu ne kuma aka fara furta cewa yankin na bukatar gwamnati tasa.

Ana cikin haka Kebek ta farka. Guguwar kishin Faransanci ta shekarun 1960 ta sa ta tuna tana da arewa, kuma arewar na da ma'adinai da koguna. A 1963, lokacin da René Lévesque ke ministan albarkatun ƙasa, aka buɗe hukuma ta musamman don yankin. Aka laƙaba wa ƙauyuka sunayen Faransanci: George River ya zama Port-Nouveau-Québec, Kangirsuk ya zama Bellin. A ƙauyen da bai kai gida hamsin ba sai ka tarar da makarantar tarayya mai Turanci da ta lardi mai Faransanci, kowace tana neman yaran.

Ranar 30 ga Afrilu, 1971, Firimiyan Kebek Robert Bourassa ya sanar da shirin gina manyan madatsun wutar lantarki a kogunan yankin James Bay. Ba a shawarci ƙabilar Cree ba, ba a shawarci Inuit ba, duk da cewa shirin zai karkatar da ruwan kogin Caniapiscau da ke malalowa ta kusa da Kuujjuaq. Matasa ne suka ɗauki yaƙin, mafi yawansu ba su kai shekara talatin ba: Billy Diamond a ɓangaren Cree, Charlie Watt da Zebedee Nungak da abokansu a ɓangaren Inuit. Suka kai ƙara, suka kawo dattawan mafarauta Montiriyal suka ba da shaida ta bakin tafinta. Ranar 15 ga Nuwamba, 1973, Mai Shari'a Albert Malouf ya ba da umarnin a dakatar da aiki, yana dogaro har da sharaɗin nan na 1912. Mako guda kacal kotun ɗaukaka ƙara ta ɗage umarnin, amma gwamnati ta riga ta tsorata. Aka zauna teburi, katafila na ci gaba da haƙa a daji, har aka sa hannu a Yarjejeniyar James Bay da Arewacin Kebek ranar 11 ga Nuwamba, 1975.

Abin da aka fi tunawa da shi a yarjejeniyar shi ne diyyar dala miliyan 225 ga Cree da Inuit, da kuma sashen da 'yan asalin suka sallama haƙƙinsu na gado a kan ƙasar. Wannan sashe ya raba kan Inuit. Mutanen Puvirnituq da Ivujivik da wani ɓangare na Salluit, waɗanda su ne ƙashin bayan harkar gama-kai, suka ce ƙasa ba hajar sayarwa ba ce, kuma gwamnati ta gaske suke nema. Dattijo Taamusi Qumaq, wanda daga baya ya rubuta ƙamus na Inuktitut, yana cikin jagororinsu. Ba su amince da yarjejeniyar ba, kuma ɗacin wannan rabuwa ya daɗe a tsakanin dangi.

Amma ga mai bin tarihin mulki, babi na 12 da na 13 ne abin dubawa, inda aka tsara mulkin ƙauye da na yanki a arewa da layi na 55. A nan Inuit suka bi hanya dabam da ta maƙwabtansu. Cree sun zaɓi majalisun ƙabila a ƙarƙashin dokar tarayya, inda ɗan ƙabila kaɗai ke zaɓe. Inuit suka ce su ƙananan hukumomi suke so irin na kowa, a ƙarƙashin dokar lardi, inda duk mazaunin ƙauye zai yi zaɓe ya kuma tsaya takara, ko da malamin makaranta ne da ya zo daga Montiriyal. Suna biyan harajin albashi da na saye da sayarwa kamar kowane ɗan Kebek. Lissafinsu a fili yake: su ne masu rinjaye nesa ba kusa ba, saboda haka hukumar kowa da kowa tasu ce, kuma mai biyan haraji yana da bakin neman a yi masa aiki. Ina ganin sun yi hangen nesa, ko da yake zaɓin ya ɗaure su da ministan ƙananan hukumomi na birnin Kebek da dokoki da aka rubuta don garuruwa masu kwalta da famfo.

Tun ba a je ko'ina ba aka gwada ƙarfi. A 1977 gwamnatin Lévesque ta kawo dokar fifita Faransanci, Inuit suka ga barazana ce ga harshensu da kuma Turancin da suke hulɗa da shi da 'yan'uwansu na sauran sassan Kanada. A Kuujjuaq, wanda a lokacin ake kira Fort Chimo, suka sauke tutar lardi, suka daina kai ruwa gidajen ma'aikatansa. Kebek ta turo 'yan sandan kwantar da tarzoma a jirgi. Wanda ke riƙe da tankar ruwa a arewa ya san abin da ke hannunsa.

A 1978 majalisar dokokin Kebek ta zartar da dokar da ta kafa ƙauyukan arewa a matsayin ƙananan hukumomi, tare da Gwamnatin Yankin Kativik mai hedikwata a Kuujjuaq. Ɗaya bayan ɗaya ƙauyukan suka karɓi takardar kafuwa. Umiujaq sabo ne fil, an gina shi a 1986 don mutanen da suka bar Kuujjuarapik saboda tsoron abin da madatsu za su yi wa farautarsu. Puvirnituq ya ja har 1989. Kowane ƙauye na da magajin gari da kansiloli, ana zaɓe duk shekara uku. Kowane ƙauye kuma yana tura ɗaya daga cikin zaɓaɓɓunsa ya zauna a majalisar Kativik, ƙabilar Naskapi ta Kawawachikamach ma tana da kujera. Majalisar ce ke zaɓen shugabanta daga cikinta. Ana muhawara da Inuktitut, ana watsa ta kai tsaye a rediyon yankin, mutum na gyaran injin ɗinsa a Akulivik yana jin abin da wakilinsa ya faɗa. Wannan shi ne ginshiƙin tsarin, a ganina. Kativik tana sama da ƙauyuka ta fuskar girma da kuɗi, amma ba ta naɗa magajin gari, ba ta tsige shi. Su ne ke haɗa ta.

Sai mutum ya san aikin ƙaramar hukuma a can kafin ya gane amfanin Kativik. A mafi yawan yankin ƙasa daskararriya ce rani da damina, ba a binne bututu cikin sauƙi, gidaje ma a kan ƙafafun ƙarfe ake ɗora su don kada ɗumin ɗaki ya narkar da abin da ke ƙarƙashi. In ban da Kuujjuarapik, babu ƙauyen da ke da famfon da ke shiga gida-gida. Kowane gida na da tanki biyu, na ruwan sha da na ƙazanta. Tanka ɗaya ta kawo, wata ta kwashe. In direba bai fito ba, ko guguwa ta rufe hanya, ko injin ya ƙi tashi a sanyin da ya kai 30 ƙasa da sifili, gida ya tsaya: ba wanka, ba wanki, ba bahaya. Gidajen kuma cunkushe suke, sau da yawa iyali biyu ko uku a gida ɗaya, tankin da aka ƙera don mutum huɗu yana hidimar goma. Makaranta kan rufe saboda tankinta ya cika. Ƙarfen da ya karye ba a samun madadinsa a kasuwar gari. Ƙarami ya zo ta jirgin sama da tsada, babba ya jira jirgin ruwa, kuma wanda bai yi oda a kan kari ba sai baɗi. Bayan ruwa akwai shara, share dusar ƙanƙara, kashe gobara, filin wasan yara, karnukan yawo, da rediyon ƙauye.

Ƙauyen mutum ɗari uku ba zai iya ɗaukar injiniya da lauya da akanta ba, ko da yana da kuɗin, don babu gidan da zai saukar da su. Nan Kativik ke shigowa. Tana riƙe da ƙwararrun a madadin kowa, suna hawa jirgi suna zagayawa. Lauyanta ya taya majalisa tsara dokar gari. Akantanta ya zauna da sakataren kuɗi na ƙauye su rufe littafin shekara kafin masu bincike su zo. Injiniyoyinta su zana gareji da ma'ajiyar ruwa, su ba da kwangila, su haɗa odar tankoki da katafila. Masu horarwa su koya wa makanikai da masu kula da injin tace ruwa, a bi sakamakon gwajin ruwa mako-mako. Lokacin da zaftarewar ƙasa ta 1998 ta sa aka tashi wata sabuwar unguwa a Salluit, masanan Jami'ar Laval ne suka auna inda ƙasa za ta ɗauki gini, Kativik kuma ta sa wannan ilimi cikin taswirar tsara ƙauyuka. Aiki ne maras armashi, ba a yanka kirtani a kansa, amma shi ke sa magajin gari ya zama mai iko na gaske, don ikon da ba shi da mai lissafi da mai gyaran mota suna ne kawai.

Kuɗi ne inda igiyar take. Kusan duk gidajen Nunavik na hukuma ne, masu mallakar gida ƙalilan ne, don haka harajin gidaje da ke ciyar da garuruwan kudu ba shi da tushe a nan. Abin da ƙauye ke samu, ko ta hannun hukumar gidaje ko kai tsaye, daga baitulmalin gwamnati yake fitowa. Shekaru da dama Kativik ta rayu a kan tarin ƙananan yarjejeniyoyi, kowace ma'aikata da tata, kowace da ranar ƙarewarta da irin rahoton da take so. A 2002, a ƙauyen Tasiujaq, Firimiya Bernard Landry ya sa hannu a yarjejeniyar Sanarrutik tare da Pita Aatami na kamfanin Makivik, mai kula da kuɗin diyyar Inuit, da Johnny Adams na Kativik. Daga cikinta aka haifi yarjejeniyar Sivunirmut ta 2004, wadda ta tattara kuɗaɗen Kebek da yawa cikin ƙunshi ɗaya mai dogon wa'adi, aka bar wa majalisar yankin ta tsara kasafinta. Ƙauyukan ma aka yi musu irin wannan ƙunshi nasu. Wanda ya san yadda asusun haɗin gwiwa ya shaƙe ƙananan hukumomi a Najeriya, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a Yulin 2024, zai lura da bambancin: a nan hukumar tsakiya ta zama murya ɗaya da ƙauyuka ke neman kuɗi da ita, kuma wakilansu ne ke zaune a kan kasafinta.

Da shekaru suka tafi, aka yi ta ɗora mata kaya. Shirin tallafa wa mafarauta, wanda ke sayen nama da kifi a ajiye a firizar ƙauye don tsofaffi da zawarawa su ɗiba kyauta, ta hannunta kuɗinsa ke bi zuwa ƙauyuka. A tsakiyar shekarun 1990 ta karɓi aikin 'yan sanda da kula da filayen jirgin sama. Sai gidajen renon yara, da horar da ma'aikata, da gandayen daji, da intanet ta tauraron ɗan'adam daga 2004. A daren sabuwar shekara ta 1999 dusar ƙanƙara ta zaftaro daga dutse ta afka wa zauren makarantar Kangiqsualujjuaq ana tsakiyar biki, mutum tara suka rasu, biyar yara. Mutanen gari ne suka tono 'yan'uwansu da shebur da hannu. Bayan wannan aka ɗauki shirin agajin gaggawa da muhimmanci, magajiyar garin ta lokacin kuma, Maggie Emudluk, daga baya ta shugabanci Kativik. Ba duk kayan ne suka zauna daidai ba. Rundunar 'yan sandan, wadda aka yi fatan za ta zama ta 'yan gida, ta cika da samarin kudu masu zuwa na ɗan lokaci, ba sa jin harshen, Inuit a cikinta 'yan ƙalilan ne, kuma rashin yarda tsakaninta da jama'a babban ciwo ne har yau.

Akwai kuma matsalar da yarjejeniyar 1975 ta haifar da kanta. Makarantu na ƙarƙashin hukumarsu, lafiya na da tata, gidaje na da tasu, filin da ƙauye ke zaune a kai mallakar wani kamfanin filaye ne na Inuit zalla, kuɗin diyya na wurin Makivik. Kowace hukuma tana kallon ma'aikatarta a birnin Kebek. Magajin gari da ke son gina gidaje goma sai ya daidaita da huɗu ko biyar. A 1983 Lévesque ya ce in Inuit sun haɗa kai zai tattauna mulkin kai da su. Aka zaɓi kwamitin tsarin mulki a 1989, wata hukuma ta ba da rahoto a 2001, aka sa hannu a kan manufa a 2007. Shirin da ya fito shi ne a haɗe Kativik da hukumar makarantu da ta lafiya a ƙarƙashin majalisa ɗaya zaɓaɓɓiya. Ranar 27 ga Afrilu, 2011, aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi biyu cikin uku suka ce a'a. Masu adawa, da yawansu matasa da suka yi yaƙinsu a Facebook da rediyon ƙauye, sun ce shirin bai ƙara ikon yin doka ko ɗaya ba, bai kuma kare harshe da al'ada ba. Kusan hujjar mutanen Puvirnituq ce ta 1975 a bakin jikokinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Makivik ce ta ɗauko maganar daga baya, a kan sabon tushe na gwamnatin Inuit mai dokokinta.

Kafin wannan ta tabbata, iyakar tsarin na bayyana a wurin da aka saba. Yankin da aka tare kogunan kudancinsa don haskaka Montiriyal da sayar wa Amurka wuta ba ya haɗe da layin lantarkin lardin. Injinan dizal ne ke ba ƙauyukan wuta, in ban da Inukjuak da ya gina 'yar madatsarsa. A Maris na 2025 bututun da ke kawo ruwa daga kogi zuwa injin tacewa na Puvirnituq, mai tsawon kilomita biyar, ya daskare. Tankoki suka koma ɗebowa daga bakin kogi ta hanyar da guguwa ke rufewa kullum. Gari mai mutum fiye da dubu biyu, mai asibitin da ke hidimar duk gaɓar Hudson, ya yi makonni cikin ƙishi. Aka kwashe marasa lafiya zuwa kudu, aka rufe makarantu kafin lokaci. A watan Mayu gobara ta tashi a wani gida, masu kashewa ba su da isasshen ruwa, majalisar ƙauye ta ayyana dokar ta-ɓaci. Kativik ta turo ma'aikata da kayan aiki, lardi ya yi jigilar ruwan roba ta jirgin sama, dakarun sa-kai na arewa suka raba shi gida-gida, aka shimfiɗa bututun wucin gadi a kan ƙasa. Majalisar ƙauye ce ta ayyana dokar, gwamnatin yanki ce ta kawo injiniyoyi, amma kuɗin da zai binne famfo ya shiga gidajen Puvirnituq ya fi ƙarfin su biyun, kuma masu sa hannu a kansa suna birnin Kebek da Otawa.